Karnukan Ranar Talata

Mai Igiya ba likita ba ne, ko da yake rabin mutanen garin da Likita suke gaishe shi, shi kuma bai taɓa wahalar da bakinsa ya gyara musu ba. Aikinsa a asibitin dabbobi riƙe kare ne. Idan aka kawo wani ƙato ya cika ɗakin jira da haushi, mai shi na ja da sarƙa yana zufa, mata sun ɗage ƙafafu sun ɗora a benci, sai ka ji an ce, "Ku kira Mai Igiya." Zai fito daga baya a hankali, gajere ne mai faɗin kafaɗa, ya tsaya a gefen karen kamar ba wurinsa ya zo ba, yana yi masa wata 'yar magana ƙasa-ƙasa. Kafin ka ƙifta ido igiya ta zagaye bakin, ta gitta ta ƙarƙashin haɓa, an ƙulle ta a bayan kunne. Shi kansa karen sai ya tsaya yana mamakin yadda aka yi.

Da shara ya fara. Yana saurayi ya zo neman aiki, aka ba shi tsintsiya da bokiti, ya yi ta wanke ɗakunan da ake kwantar da dabbobi har tsohon likitan wurin ya lura yaron nan ba ya gudun kare. Shi ya koya masa ɗaurin baki da riƙon ƙafa da yadda ake ɗaga fatar wuya a soka allura. Tsohon ya yi ritaya, ya rasu, likitoci suka zo suka wuce, wasu ma bai gama sabawa da fuskarsu ba suka yi gaba. Shi yana nan kamar famfon tsakar gidan asibitin.

Mutane kuwa, ka san su. Su ne za su buga maka ƙofa da sassafe karensu ya ƙi cin abinci, su ne kuma za su miƙo maka kan yatsu idan kun haɗu a taro. Wani maƙwabci ya taɓa ba shi ruwa ya sha, bai ko bari ya juya baya ba ya sa aka wanke kofin da sabulu. Abin ya zauna wa Mai Igiya a rai har ya yi furfura. Daga ranar ya ɗaura aniyar babu wanda zai fi shi tsabta a garin nan, kuma ya cika. Kayan aikinsa ba sa shiga ɗaki. A bakin ƙofar gidansa akwai bokiti da buroshi da sabulu, nan yake tsayawa ya goge hannu har gwiwa, ya bi ƙarƙashin farce ɗaya bayan ɗaya, kafin ya yi sallama. Farar rigarsa ta fi ta likitoci haske. Idan aka yabe shi da iya kama kare sai ya ɗaga kafaɗa, amma ka ce masa, "Kai, mutumin nan akwai tsabta," sai ka ga haƙoransa. Ba shi da gida na kansa, ba shi da mota, wannan sunan shi ne abin da ya tara.

Igiyar da ta ba shi suna ba igiyar kasuwa ba ce. Matarsa tela ce, ita ta tufka masa ita da ragowar yadin auduga, mai kauri kamar babban yatsa, da laushi kamar tsohon zane. Kullum da yamma sai ya wanke ta da sabulu mai ƙamshi, ya ɗauraye, ya rataye ta a ƙusa ta sha iska. Abu ɗaya ne ba ya yarda ya kusance ta, ruwan bilic, maganin nan mai sa kaya fari. Cewa yake bilic na cin auduga, kuma warinsa na ƙona hancin kare. "Kare da hanci yake rayuwa," in ji shi. "Ka ɗaure masa baki, ka kuma ƙona masa hanci? Haba, a ji tsoron Allah mana."

Da aka kawo sabuwar likita, yarinya ce siririya mai tabarau wadda kowa ke kira Dakta, abin da ta fara yi shi ne sayo takunkumin roba manya da ƙanana, ta ajiye bokitin bilic a bakin ɗakin dubawa. Duk wanda aka cire daga bakin kare sai a tsoma shi a ciki. Ta ce akwai ƙwayoyin cutar da sabulu ba ya yi musu komai. Mai Igiya ya ce to. Shi ba mai jayayya da na gaba ba ne, ko da sa'ar 'yarsa ce. A cikin asibiti ya riƙa sa wa karnuka robar nan yana ba su haƙuri a kunne. Igiyar ta koma aljihu, ba ta fitowa sai ranar Talata.

Talata ce ranar zagayensa. Da safe zai ɗaure akwatin sanyi na allurai a bayan babur, ya bi gidajen da ba sa iya kawo karnukansu. Hanyarsa ɗaya ce, ko an rufe masa ido zai bi ta. Yakan fara da wani kamfanin masu gadi da ke bakin gari, inda ake tara manyan karnuka a jere, yau a kawo waɗannan gobe a kwashe waɗancan. Daga nan sai gidajen mutane, yawanci 'yan kwikwiyo ne da za a yi wa rigakafi. A ranar shi ne likita, shi ne mai riƙo, babu mai ce masa yi ko bari. Matan gida na sonsa saboda kwikwiyo ba ya kuka a hannunsa.

Sai cutar ta shigo. Kwikwiyon da jiya yake cizon takalmi, yau ya kwanta ya ƙi abinci, gobe amai, jibi gudawa da jini mai wani irin ƙarni da in ka shaƙe shi sau ɗaya ba ka mantawa. Manyan karnuka sukan yi 'yar kwanciya su tashi. Ƙananan ne ke tafiya. Ɗakin kwantarwa ya cika, ana rataye ledar ƙarin ruwa a ƙusoshin taga don sandunan ba su isa ba. Mai Igiya ya yi aiki kamar jaki a watannin nan, kuma gaskiya ya ceci da yawa. Waɗanda nasu ya tashi har gida suke zuwa yi masa godiya.

Dakta ta ce ba za ta zauna tana ƙarin ruwa kawai ba, tana so ta san daga ina abin yake fitowa. Ta kawo ƙananan kwalabe masu murfi da sandunan auduga, ta ce duk karen da ke gudawa a ɗebo mata kashinsa, a rubuta sunansa a jiki, a sa a firiza. Idan sun taru za ta aika wani babban ɗakin bincike a karanta ƙwayoyin halittar cutar.

"A karanta me?" in ji Mai Igiya.

"Baba, ƙwayar cutar nan ita ma tana da dangi," in ji Dakta. "A cikinta akwai wani dogon rubutu da aka halicce ta da shi. Duk sa'ad da ta hayayyafa sai ta kwafe shi ta ba 'ya'yanta. Wani lokaci ta yi ɗan kuskure a wuri ɗaya, sai kuskuren ya zama gado, 'ya'ya su ɗauka, jikoki su ɗauka. In muka jera na karnuka da yawa muka duba, za mu gane wace ce 'yar wace, wa ya ba wa."

"Ikon Allah. Wato cuta ma da asalinta."

"Da asalinta."

"To ki huta da wahala, Dakta. Ni na san gidan ubanta."

Da ya koma gida da labarin sabon aikinsa, matarsa ta yi dariya har ta saki keken ɗinki. "Sannu, Malam, an samu ƙarin girma! Shekara da shekaru kana riƙe kai, yanzu an mai da kai wajen wutsiya." Haka suke tun suna amarya da ango, ita ta tsokane shi, shi ya yi kamar bai ji ba, a ransa kuwa yana jin daɗi.

Gidan uban cutar da yake nufi, gidan Auta ne, ƙanin matarsa. A hannunsu Auta ya tashi bayan rasuwar iyayen, kuma ya ba su ciwon kai ba kaɗan ba. Ya koyi gyaran waya ya bari, ya koyi walda ya bari, ya yi tuƙi ya jefa motar mutane a kwata. Da ƙyar aka samu abin da ya riƙe shi, kuma Mai Igiya ne ya samo. Shi ya kawo masa wata karya ja mai suna Kyauta, ya ce ya kula da ita, in ta haihu ya sayar da 'ya'yan. Abin mamaki sai Auta ya zauna. Ya haɗa ɗakunan karnuka na wayar ƙarfe a bayan gidan da yake haya, ya ƙara karnuka, mutane suka san shi, har ya fara maganar aure. Yana son dabbobin nan kamar me, da hannu yake riƙe su a yi musu allura, ko ɗaure baki ba a yi. Sai dai Auta da tsintsiya ba sa ga maciji. Kwanukan abinci a kife a rana, ƙudaje na biki, ruwan wanki kwance a tsakar gida. Duk zuwan da Mai Igiya zai yi sai ya yi faɗa, Auta na sosa ƙeya yana cewa, "Yaya, gobe zan gyara, wallahi gobe."

Da gudawa ta kama wasu 'yan kwikwiyon Auta, Mai Igiya ya je da kansa ya ɗebo kashin, ya kawo wa Dakta yana tafe yana girgiza kai. Biri ya yi kama da mutum. Ga ƙazanta, ga cuta, ga kuma wasu daga cikin waɗanda suka mutu a gari daga wurinsa aka saye su. Wasu ne, ba duka ba, amma shi bai tsaya wannan lissafin ba.

Wata safiya wata malama mai ritaya ta zo da kwikwiyonta a cikin kwali, kafin a kai gare shi ya cika. Ta zauna a ɗakin jira tana hawaye, tana tambayar kowa da kowa daga ina wannan masifa take. Ɗakin a cike yake. Mai Igiya ya tsaya a kanta ya ce, "Malama, a ina kika saye shi?"

Ta faɗa.

"Ai shi ke nan," in ji shi. "Ƙanin matata ne, a gidana ya girma. Amma gaskiya ɗaya ce, daga can take fitowa."

Da wani ne ya faɗa, da an ce hassada ce. Amma mijin yayarsa, mutumin da duk gari ya shaida tsabtarsa? Magana zarar bunu ce, kafin mako ya zagayo ta gama gari. Dakta ta kira shi gefe ta ce, "Baba, da ka bari sakamako ya fito tukuna."

"Dakta, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba," in ji shi, yana murmushi don kada ta ji zafi.

Auta ya zo gidan da yamma. Yayarsa ta ajiye masa abinci, bai ko buɗe ba. Ya tsuguna a gaban Mai Igiya kamar yadda yake yi yana yaro in ya yi laifi.

"Yaya, da gaske daga wurina ne?"

"Je ka dubi tsakar gidanka, ka dawo ka sake tambayata."

Bai yi musu ba. Abin da ya fi ba yayar tasa haushi ke nan daga baya, ko kalma ɗaya bai yi musu ba, don a wurin Auta in Yaya ya faɗi magana a kan kare ta zauna. Masu saye suka ɗauke ƙafa. Ya rabar da sauran karnukan, ya ba wani direban babbar mota Kyauta ya tafi da ita can wata ƙasa mai nisa, ya kira masu sayen ƙarfe suka kwashe ɗakunan wayar. Maganar aure ta bi ruwa. Aka ji ya samu aiki a wani wurin wankin mota a bakin titi.

Matar Mai Igiya ba ta yi faɗa ba. Tana dafa masa abinci, tana goge masa farar rigarsa. Tsokanar ce kawai ta daina, kuma a gidan nan wannan ya fi zagi ciwo. Shi dai ya ce a ransa jini ne, dole ta ji, za ta huce.

Cutar kuwa ba ta san an rufe gidan Auta ba. Ta ci gaba da harkarta. Mai Igiya ya ce ragowa ce, irin wadda aka riga aka watsa, sai a hankali. Ya ƙara ƙaimi wajen zagayen Talata, har da sababbin gidaje, yana gaya wa kowa rigakafi ya fi magani.

Sakamakon ya daɗe, har ya manta da shi. Wata safiya Dakta ta leƙo ta ce ya zo ofis. Ta juyo masa da kwamfuta. Abin da ya gani kamar bishiya ce aka kwantar a gefe, reshe na fita daga reshe, a ƙarshen kowane ɗan tsinke akwai sunan kare.

Ta sa biro a kan wani ƙaramin reshe can ƙasa, shi kaɗai. "Waɗannan na ƙaninka ne. Dangi ne daban. Babu kare ko ɗaya a gidajen mutane da muka samu da irin wannan, har waɗanda aka saya a wurinsa. Lafiya suka bar hannunsa, a gidajen suka kamu."

Mai Igiya ya gyara tsayuwa. "Injin bai yi kuskure ba kuwa?"

"Sau biyu aka maimaita." Ta matsar da biron sama, inda wani babban reshe ya tara sunaye cunkus. "Ga inda maganar take. Duk waɗannan rubutunsu iri ɗaya ne sak, kamar daga ciki ɗaya suka fito. Amma gidajen ba su haɗa komai ba. Wani yana gabas, wani bayan tasha, wani can wajen sababbin gine-gine. Ba wuri ɗaya aka saye su ba, ba abinci ɗaya suke ci ba, ba sa fita yawo." Ta fara karanto sunayen yadda suka zo mata. Tsawa, na kamfanin masu gadi. Kwabo, na mai gidan burodi. Damisa. Soja. Na malamar nan mai ritaya. Guguwa, na gidan injiniya.

Ita tana karantawa a hargitse, shi kuma kansa na jera su. Daga kamfanin masu gadi sai a yi dama a shiga gidan injiniya. A fito a bi bayan tasha, mai gidan burodi. A haye kwalbati, gidan malama. Babu suna ɗaya da ya faɗo a wajen hanyar. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji a gaban wani kare ba.

Dakta ta cire tabarau ta dube shi. "Baba, kai ka san gidajen nan fiye da ni. Akwai abin da ka san ya haɗa su?"

"Allah ne masani, Dakta."

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce to, ta mai da tabaraunta. Ya fita ya nufi famfo ya wanke hannu, alhali bai taɓa komai ba.

Da yamma ya tarar da igiyar a ƙusarta. Ya sauke ta ya juya, ya kai hanci. Ƙamshin sabulu ne kawai. Fara tas, babu ɗigon komai. Ya ce a ransa ina, ba zai yiwu ba, abin da ake wankewa kullum? Sai kuma ya tuna karnukan kamfanin nan, yadda kullum ba a rasa mai amai a cikinsu, yadda suke lasar jikinsu, yadda igiyar ke fitowa daga bakinsu a jiƙe ya goge ta da tsumma ya cusa a aljihu. Daga nan sai bakin kwikwiyon injiniya. Ya mai da ita ƙusa, ya ci abinci kaɗan, matarsa ba ta tambaye shi dalili ba.

Talata ta zo. Ya ɗaure akwatin sanyi, igiyar na aljihu don hannunsa ne ya ɗauke ta ba da shawararsa ba. A kamfanin masu gadi aka fito masa da wani baƙin ƙato. Mai kula da karnukan ya ce, "Likita, ɗaure shi, wannan ba ya wasa." Mai Igiya ya sa hannu a aljihu, ya taɓa ta, ya fito da hannun wayam. Ya ce zai riƙe shi haka. Karen kuwa bai san da wannan shawara ba, ya juyo ya kafa masa haƙori a gindin babban yatsa. Rabonsa da cizo tun yana mai shara.

Bai ƙarasa zagayen ba. Ya naɗe hannun da hankici ya koma asibiti, ya wuce masu jira suna ta sannu, ya shiga ofishin Dakta. Ya sa igiyar a leda ya ajiye mata a tebur.

"Ki karanta wannan ma."

Ta dubi ledar, ta dubi hannun. "Mu fara da hannun," in ji ta.

Ta yayyanka igiyar gutsi-gutsi ta jiƙa a kwalabe. Gwajin farko a nan asibitin aka yi, bai ɗauki lokaci ba, ya nuna ƙwayar cutar na nan a cikin zaren. Na biyun sai da aka aika, ya dawo ya ce dangin babban reshen ne, babu bambanci. Dakta ta yi masa bayani a tsanake, cewa wannan ƙwayar tana da taurin rai, sabulu ba ya kashe ta, shanya ba ta kashe ta, takan yi watanni a cikin tsumma tana jira. Ba ta ce ai na faɗa ba. Da ta faɗa ma da ya fi masa sauƙi.

"Tun yaushe?" in ji shi.

"Ban sani ba, Baba. Abin da ke firiza kawai zan iya karantawa. Na shekarun baya babu wanda ya ajiye."

Ya tuna 'yan kwikwiyon da ya yi wa allura tun kafin a haifi yarinyar nan, da waɗanda aka kira shi bayan mako guda ya zo ya gani sun kwanta. Bai san adadinsu ba, kuma babu mai gaya masa.

Ta ce za ta rubuta binciken a buga, don wasu asibitocin su amfana. Abin da za ta sa shi ne wani kayan aiki da ake yawo da shi gida-gida, babu suna, babu gari. Ta ce aikinsa na nan, zagayen Talata ma na nan, sai dai da takunkumin roba da galan ɗin bilic a bayan babur. Daga ita sai shi suka sani, kuma ita ba mai yawan magana ba ce. Wato in ya ga dama ya ja bakinsa ya yi shiru, ya mutu da sunansa fari tas, Auta kuma ya ci gaba da ɗaukar kayan da ba nasa ba. Ya gane haka sarai, kuma kada a yi masa ƙarya, ya yi kwanaki yana auna shirun nan, yana jin daɗinsa. Cutar ta fara ja da baya. A ɗakin jira har wani ya ce, "Kun gani? Tun da aka kori ƙazamin yaron nan abin ya lafa." Mai Igiya na tsaye da takunkumin roba a hannu, bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Ranar ce da ya koma gida ya tsaya a ƙofar ɗakin ɗinki. Keken na ta gudu. Ya faɗa mata duka, a tsaye, idonsa a kan tarin yadi. Ta tsayar da keken, ta ciji zare ta tofar.

"Ba ni za ka gaya wa ba, Malam," in ji ta, ta ci gaba da ɗinkinta.

Wurin wankin motar fili ne da rumfar kwano, ƙasa duk kumfa, injin ruwa na ta ƙara. Auta na tsugune yana goge tayar wata farar mota, wando a naɗe har gwiwa, ya rame, hannuwansa sun yi fari saboda sabulu. Da ya hango shi sai ya miƙe da sauri yana goge hannu a riga.

"Yaya! Lafiya? Me ya samu hannunka? Anti lafiya?"

"Lafiya lau. Zo mu koma gefe."

Suka koma bayan tankin ruwa inda ƙarar ta yi sauƙi. Mai Igiya ya shirya magana mai tsawo tun daga gida, da bayanin reshe da dangi, amma da ya buɗe baki gajeruwa ce ta fito.

"Sakamako ya zo. Ba daga wurinka ba ne. Karnukanka ba su ba kowa komai ba."

Auta ya yi tsaye yana kallonsa, kamar bai ji da kyau ba. "To daga ina ne?"

"Daga wurina. Igiyata ce. Ni nake kai ta gida-gida."

Wani direba ya danna ham yana kiran a zo a ƙarasa masa. Auta bai waiga ba. Ya dubi hannuwansa, ya dubi titi. Mai Igiya ya jira zagi, ya ma so a zage shi. Ya fara cewa zai nemo masa wata karyar, zai sa a haɗa masa sababbin ɗakuna, zai yi magana da iyayen yarinyar da ya so ya aura. Auta ya ɗaga hannu ya tsayar da shi, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi.

"Yaya, ka san abin da na yi kafin in zo nan? Duk gidan da aka ce kwikwiyonsu ya mutu, na je. Har waɗanda ba a wurina suka saya ba. Na durƙusa na ce ni ne, su yafe mini. Malamar nan ruwan wanke-wanke ta watsa mini. Matar injiniya ta sa yaranta suka fito su ga wanda ya kashe musu kare." Muryarsa ba ta tashi ba. "Ban ji haushi ba, don na ɗauka hakkinsu ne."

Auta ya juya ya nufi bokitinsa.

"Ni ba na son wata karya. Ka je ka karɓo mini haƙurin da na bayar." Ya sunkuya ya ɗauki soso daga bokiti, ya matse. "Ka san gidajen, ba sai na raka ka ba."